Mahaifina yana asibiti, kuɗin rajista ya gagara: ta ina zan fara?

Ɗalibar aji uku:
Assalamu alaikum. Mahaifina ne yake ɗauke da nauyin karatuna tun da na shiga jami'a, sai ga shi wata biyu ke nan yana kwance a asibiti, kuma abin da aka tanada domin rajistata duk ya tafi wajen magani. Saura mako uku a rufe rajistar wannan zangon, kuɗin ɗakin kwana ma ban biya ba. Wata ƙawata ta ce in ci bashi ta manhajar waya da ke ba da rance cikin mintuna, amma hankalina bai kwanta da hakan ba. Shin akwai tallafin gaggawa da ɗalibi zai iya nema a irin wannan hali?

Tsohon ma'aikacin jami'a:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba mahaifinki lafiya, 'yata. Na yi shekaru a ofishin kula da harkokin ɗalibai, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda kunya take hana ɗalibai zuwa sai bayan an rufe rajista, lokacin da hannunmu ya riga ya ɗaure. Ki je ofishin nan gobe, ki rubuta takardar koke mai ɗauke da lambarki ta ɗaliba, da adadin kuɗin da ake binki, da ranar da matsalar ta fara, sannan ki haɗa da takardar asibiti da rasitan magani. Kwamitin da ke duba koke yana aiki ne da hujja a rubuce, domin shi ma za a tambaye shi dalilin fitar da kuɗin.

Ki tambaye su abu uku a fili: ko akwai asusun agajin gaggawa, ko za a yarda ki biya kashi-kashi, ko kuma a ƙara miki wa'adi. Idan aka ce za a ba ki kuɗi, kada ki sa hannu sai kin tabbatar ko kyauta ce ko rance ne, tunda wasu makarantun sukan riƙe sakamakon jarrabawa ko takardar shaidar kammalawa har sai an biya bashin. Ki kuma sanar da shugaban sashenku, domin wasiƙarsa tana da nauyi a gaban kwamiti.

Wanda ya taɓa shiga halin:
'Yar'uwa, ki nisanci manhajar nan. Ni na ci irin wannan bashi a shekarata ta biyu, wa'adin biyan gajere ne, kuɗin ruwa ya yi ta hauhawa, kuma da na makara sai suka riƙa aika saƙo ga mutanen da lambobinsu ke cikin wayata, har da malamaina. A ƙarshe ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ce ta fitar da ni, wadda da na nufe ta tun farko da ban sha wannan wulaƙanci ba.

Malama a sashen ilimi:
Ina goyon bayan Malam, sai dai ina so ki sani cewa ba kowace makaranta ce take da asusu mai ƙarfi ba. A Amurka, dokar CARES ta 2020 ta ware wa manyan makarantu kimanin dala biliyan 14 lokacin annobar korona, tare da sharaɗin a miƙa aƙalla rabi ga ɗalibai kai tsaye, jami'o'in Ingila kuma suna da asusun taimakon masu ƙunci, amma a wurare da yawa abin da ake da shi kaɗan ne. Idan komai ya faskara, ki nemi a dakatar miki da zangon a hukumance, a rubuce, domin wanda ya ɓace ba tare da izini ba yana iya rasa gurbinsa gaba ɗaya.

Ɗalibar aji uku:
Na gode ƙwarai, Malam da Malama, da kai ɗan'uwa. Na karɓo rasitan daga wajen mahaifiyata, kuma da safe zan kai takardar, in Allah ya yarda.