Wane littafi ne ya riƙe ku tun daga layin farko?

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun rasuwar Hajiyarmu barci ya ƙaurace mini, da na kwanta sai tunani. Ƙanwata ta kawo mini littattafai wai su ɗebe mini kewa, amma in farkon littafi bai kama ni ba, ko shafi biyu ba na kaiwa sai hankalina ya koma inda ya fito. Wanda ya riƙe ni shi ne Ruwan Bagaja, wanda rabona da shi tun firamare. Ina buɗewa na ci karo da Koje Sarkin Labari, mutumin da haukarsa duka son jin labari ce. Wallahi sai ga ni ina dariya ni kaɗai, abin da na daɗe ban yi ba. Don Allah ku ba ni sunan wasu masu irin wannan farko. Banda na kuka, na ƙoshi da shi.

Malam Sani Tudun Wada:
Wa alaikumussalam. Allah ya jiƙan Hajiya, ya sa ta huta. Kin faɗa hannun gwani. Abubakar Imam ya rubuta shi ne don gasar rubuta littattafai da wani Bature, Rupert East, ya shirya a 1933, aka buga shi a 1934 tare da su Ganɗoki da Shaihu Umar. Shi kansa labarin ai neman magani ne, ruwan da zai warkar da ɗan sarki ake bi. Ki nemi Magana Jari Ce na ɗaya. Can ma aku ne ke tsare Musa ɗan sarki da labari dare bayan dare don kada ya fita ya faɗa tarkon Waziri. Labaran gajeru ne, ki karanta ɗaya ki rufe. Shaihu Umar kuwa bar shi tukuna, akwai rabuwar uwa da ɗa a ciki.

Hadiza Damagaram:
Ni fa babu marubucin da ya kamo kakata. Da ta ce "ga ta nan, ga ta nanku", ko mai kukan da aka yi wa duka zai share hawaye ya ce "ta zo mu ji ta". Marubutan WhatsApp na yanzu sai sun cika shafi da kwatancen falo da mota kafin wani ya buɗe baki.

Anti Nas:
Sannu da haƙuri. Karatu na rage damuwa, ban musa ba, amma in rashin barcin ya ja lokaci, ko cin abinci ya gagara, ki daure ki ga likita. Kuma ki karanta a takarda, hasken waya da dare ƙara korar barci yake.

Maman Hanifa:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Anti, na ji, zan je. Malam, gobe zan aika yaro Sabon Gari ya dubo mini. Magana Jari Ce na ɗaya kawai zan saya, ko a haɗo daga na ɗaya har na uku?