Ciwon fatar Auta: ana ɗauka ko ba a ɗauka?

Kawu: Salamu alaikum. Ranar suna na ga gwiwar hannun Auta da ƙeyarsa duk sun yi ɓawo kamar an barbaɗa toka. A ware masa tawul da kwano kafin yara su ɗauka.

Anti: Wa alaikumus salam, Kawu. Likitan fata ya duba shi, soriyasis ne, kuma ba a ɗaukarsa. Garkuwar jikinsa ce ke tunzura fatar. Fatar da kan ɗauki kusan wata guda kafin ta sabunta, tasa cikin kwana 3 zuwa 4 take yi, sai ta taru ta zama ɓawo.

Kawu: To ai marigayi babansu ma ya yi irinsa. Gida ɗaya, mutum biyu, ki ce ba ɗauka ba?

Yaya: Gado ne wannan, Kawu. Da ana ɗauka, da Inna ce ta fara, ita da ta yi shekaru tana wanke kayan Baba da hannunta.

Gwaggo: Ni dai makero na gani. Haka na jikana ya yi, ya bi 'yan ajinsu kaf.

Anti: Makero da ƙazuwa su kam ana ɗauka, Gwaggo, shi ya sa ake ruɗewa. Turawa ma sun daɗe suna haɗa soriyasis da kuturta, sai a 1841 wani likita a birnin Biyana na ƙasar Austria, mai suna Hebra, ya raba su. A 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince cewa ciwo ne mai daɗewa wanda ba ya yaɗuwa. Abin da ke tayar da shi daban: bushewar hunturu, damuwa, ciwon maƙogwaro, taba, har kulorokwin na zazzaɓi. Ko askar wanzami ta yanke shi, sabon tabo na iya fitowa daidai wurin. Kuma don Allah kada a shafa masa man bilicin, yana lafawa ne ya dawo da ƙarfi.

Auta: Ina cikin zauren nan fa. Wata biyu ke nan ina sa riga mai dogon hannu cikin zafin nan saboda kallo. Wanzaminmu ma cewa ya yi in riƙa zuwa da injin askina.

Kawu: Subhanallahi, ban san kana ciki ba, ɗana. Maganar kwano na janye. Tawul kuwa, kowa ma ya riƙe nasa.

Gwaggo: A dai kai shi wani likitan ya ƙara dubawa.