Cigiyar kalma: me za mu kira "cache" da Hausa?

Assalamu alaikum jama'a. Kalma nake cigiya, kuma 'yar na'urar kallon nan da ake sokawa a bayan talabijin ce ta jawo. Masu ita sanda suke ce mata da harshensu, mu kuwa ba dama mu ce 'yar sanda, don haka na'urar kallo zan riƙa cewa.

Ta yayata ta yi nauyi. A danna rimot, sai an ƙirga uku kafin ta motsa, a buɗe manhaja ta rufe kanta. Ta kira ni a waya, na ce, "Yaya, shiga saiti ki goge cache." Da yake kash ake furta kalmar, sai ta ce, "Kash kuma? Subhanallahi, ta lalace ke nan?" Mun fi minti goma ina kewaye-kewaye, na rasa kalma ɗaya da zan miƙa mata.

Da na zauna na duba, sai na ga abubuwa uku ne muka haɗa muka sa musu suna ɗaya, memori. In aka ce "memori ya cika", ba ka san wanne ake nufi ba, alhali maganin kowanne daban.

Akwai inda manhajoji ke zaune dindindin, ko an kashe wuta suna nan. Wannan ba gardama, ma'ajiya sunansa. Yawancin ƙananan na'urorin nan gigabait 8 ke gare su, kuma tsarin da ke tafiyar da na'urar ya riga ya cinye kaso mai tsoka tun kafin ka sauke komai.

Akwai kuma RAM, inda na'ura ke shimfiɗa aikin da take kai yanzu-yanzu. Chromecast na farko da Google ya fitar a 2013 megabait 512 gare shi, Fire TV Stick na Amazon na 2014 kuma gigabait 1, har yau galibinsu tsakanin 1 da 2 suke. Abin dariya, a Hausa in an ce an riƙe abu ram, ba saki ke nan, shi kuwa wannan da zarar wuta ta ɗauke ya saki komai. Na ga masu rubuta ƙwaƙwalwar aiki, kuma ta gamsar da ni. Mu wuce.

Na ukun shi ne ya hana ni barci. Duk lokacin da ka buɗe manhajar kallo, tana jero maka hotunan shirye-shirye da 'yan taƙaitattun bayanai. Maimakon ta sake janyo su daga intanet gobe, sai ta ajiye kwafinsu a kusa don ta ɗauko da sauri. Wannan kwafin shi ne cache. Don a yi sauri aka yi shi, amma a cikin ma'ajiya yake zaune, kuma idan manhajoji goma kowacce ta tara nata a wurin da dama can ƙarami ne, sai ma'ajiyar ta cushe, sabuntawa ta ƙi sauka, na'ura ta fara jan ƙafa.

Kada mu ji kunyar cigiyar, su ma masu abin sai da suka yi ta. Maurice Wilkes na Jami'ar Kambirij a Ingila, da ya bayyana dabarar a 1965, da sunan bawa ya kira ta, wato ƙaramar ƙwaƙwalwa mai yi wa babba hidima. Sai a 1968, da kamfanin IBM ya fito da kwamfutarsa System/360 Model 85, sunan cache ya kama, kuma asalinsa daga Faransanci ne, daga kalmar da ke nufin ɓoyewa. Nasu a cikin injin kwamfuta yake, namu na manhaja ne, amma hikimar ɗaya ce, abin da za ka sake nema ka ajiye shi kusa.

To, me za mu ce? Ina sauraro.

Na dawo, na karanta amsoshinku, Allah ya saka da alheri.

Da yawa sun ce tarkace ko shara. Na gane dalili, tunda kullum cewa ake a goge shi. Amma wannan sunan zai koya wa mutane kuskure. Wanda ya ɗauka shara ce zai riƙa gogewa kullum safiya, sai manhajar ta koma janyo hotunan nan daga farko, buɗewa ta ƙara jinkiri, data ta ƙara tafiya. Abu ne mai amfani da kan yi yawa, ba datti ba.

Wani malami ya kawo maɓoya, ya bi asalin Faransancin. Malam, da girmamawa, ina tsoron ta. Ka ce wa mutum manhajarsa tana da maɓoya, abin da zai fara tambaya shi ne me take ɓoye masa.

Ma'ajiyar wucin gadi daidai take ta fuskar ma'ana, ban isa in ce kuskure ba ce. Sai dai doguwa ce a baki, ta yi kama da ma'ajiyar farko har za a rikita su, kuma ba ta faɗi dalilin ajiyar ba, wato kusanci.

Wata 'yar'uwa ta ce guzuri. Na so kalmar nan ƙwarai, amma akwai inda ta fi dacewa. Yayin da kake kallo, na'ura tana riga ka janyo 'yan daƙiƙun da ke gaba ta riƙe, don kada hoto ya tsaya in intanet ya yi tuntuɓe. Wannan shi ne guzuri na haƙiƙa, abin da aka ɗauka don hanya, ana tafe ana ci. Idan zoben nan ya fito yana juyawa a tsakiyar allo, guzuri ne ya ƙare. Hajiya, kin warware mana wata kalmar da ban ma tambaya ba.

Wadda ta zauna mini ita ce aljihu. Ƙarami ne, a jikinka yake, abin da kake yawan buƙata kake sawa don kada ka koma ɗaki, ba ka ankara ba ya cika da 'yan takardu, kuma in ka kakkaɓe shi kayanka na ɗaki ba abin da ya same su. Kowace manhaja da nata, kamar yadda kowace riga take da nata. An yi mini gyara cewa kakkaɓe aljihu na iya sa a tuna da kuɗi. Gaskiya ne, shi ya sa za mu riƙa cewa aljihun manhaja. Wani ya so a ce zazzage aljihu, amma zazzage ta riga ta shiga bakin masu sauke abu daga intanet, a bar musu.

Kalma sai an gwada ta a aiki, don haka na sake kiran Yaya.

Na ce ta cire na'urar daga wuta, ta ɗan jira, ta mayar. Wannan yana wanke ƙwaƙwalwar aiki, kuma sau da yawa shi kaɗai ya isa. Sannan ta shiga saiti, jerin manhajoji, ta cire duk wadda ta yi watanni ba ta buɗe ba, domin wasunsu suna aiki a ɓoye suna cin ƙwaƙwalwar. Waɗanda suka rage, ta kakkaɓe aljihun manyan. A nan na ja mata kunne, maɓallai biyu ne maƙwabta, Clear cache da Clear data. Na farko aljihu kawai yake kakkaɓewa. Na biyu yana mayar da manhajar kamar yau aka sauke ta, sai an sake shigar da suna da kalmar sirri. Masu na'urar kallo ta kamfanin Roku kuwa kada su sha wahalar neman maɓallin, babu shi a saitinsu, sake kunnawa za su yi.

Na kuma tambaye ta inda na'urar ke shan wuta. A ramin USB na talabijin ta soka. Irin tsohon ramin nan wuta mai ƙarfin miliamfiya 500 yake bayarwa, wasu na'urorin kuma sun fi son fiye da haka, don haka na ce ta koma kan cajar da ta zo da ita, ta kuma ɗan janye ta daga jikin talabijin, saboda in ta yi zafi da kanta take rage gudu.

Da daddare ta sake kira, ta ce rimot ya dawo hayyacinsa amma zoben yana nan yana juyi. Na ce wannan ba aljihu ba ne. Netflix na neman megabit 5 a daƙiƙa don hoto mai kyau na 1080, 15 kuma don 4K, saboda haka ko ta matso da rauta, wato na'urar da ke raba Wi-Fi, kusa, ko ta koma layin Wi-Fi na gigahaz 5 in akwai, ko ta rage ingancin hoton. Kafin in ƙarasa ta katse ni, ta ce, "Wato guzurin ne ba ya isa. To, ka faɗi haka mana tun ɗazu."