Neman shawara: tarin kiɗan kilasik ɗina ya hargitse a uwar garken gida

Baban Yara:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da tarin faya-fayan CD na kiɗan kilasik, yawancinsu na Bach, Mozart, Beethoven da Schubert. Na kwafe su a tsarin FLAC, wato fayil ɗin sauti da ba ya rage ingancin CD, na zuba su a na'urar ajiya ta NAS da ke haɗe da wayfay na gida. Burina in zaɓi abin da nake so daga waya, ya fito ta lasifika. Sauran kaɗe-kaɗe ba su ba ni wahala ba, na kilasik ɗin ne suka ƙi zama. Idan na nemi Beethoven, wasu faya-fayan suna ƙarƙashin sunansa, wasu sun tafi wajen jagoran makaɗa, wasu kuma sunan ƙungiyar makaɗa suka bi. Faifai ɗaya sai ya rabu gida uku. Sunayen fayilolin kuwa daga Allegro sai Adagio, wato kalmomin da ke nuna saurin kiɗa kawai, ba ka sanin na wane ne. Abin da ya fi ci mini rai shi ne simfoni ta 5 ta Beethoven (simfoni dogon kiɗa ne na babbar ƙungiyar makaɗa, mai sassa da dama): sashe na uku yana zarcewa cikin na huɗu ba tsayawa, amma na'urar da ke kai kiɗan lasifika sai ta yi shiru na ɗan lokaci daidai inda kiɗan yake tashi. Manhaja zan canja, ko fayilolin ne ke da gyara?

Malam Injiniya:

Wa'alaikumus salam, Baban Yara. Kada ka taɓa manhaja tukuna. Duk wadda ka koma za ta karanta abin da ke rubuce a cikin fayilolinka ne, in a hargitse suke, a hargitse za ta nuna maka su.

Tushen matsalar shi ne an gina tsarin tag, wato guraben bayanai da ke cikin fayilolin sauti, don waƙar zamani, inda abu uku ya isa: mawaƙi, faifai, sunan waƙa. Kiɗan kilasik ba ya shiga wannan ma'auni. Akwai wanda ya tsara kiɗan, akwai aikin kansa, akwai sassan da ke cikinsa, akwai jagora da ƙungiya da makaɗin da ke kan gaba, sannan akwai shekarar da aka ɗauka. Wuraren da manhajar kwafe CD ke ɗebo bayanai mutane daban-daban ne suka cike su, wannan ya sa Beethoven a gurbin mawaƙi, wancan ya sa jagora. Shi ya sa faifanka ya tarwatse.

Ka tsai da doka ɗaya, ka bi ta har ƙarshe. Tawa ita ce: gurbin Composer na mai tsara kiɗa ne kawai. Gurbin Artist na waɗanda suka buga ne. Gurbin Album Artist kuwa dole ya zama iri ɗaya sak a kowane fayil na faifan, domin da shi yawancin manhajoji ke haɗe faifai wuri guda. Bambancin harafi ɗaya ya isa ya raba shi. Sunan kowane sashe kuma ka fara shi da sunan aikin, sannan lambar sashe, sannan Allegro ɗin. Ko da manhajar ba ta san komai a kan kilasik ba, da ka kalli waya za ka gane abin da kake ji.

FLAC yana barin ka ƙara gurbin da kake so, saboda haka ka cike Work da sunan aikin gaba ɗaya da Conductor da sunan jagora. Manhajar Mp3tag tana gyara tag na fayiloli da yawa a lokaci guda, duk da sunanta ba MP3 kaɗai take taɓawa ba.

Maman Biyu:

Malam ya gama magana a kan tag, ni lambobin kundi zan ƙara, don su ne suka raba ni da ruɗani. Ayyukan Bach suna da lambar BWV, daga kundin da Wolfgang Schmieder ya fitar a 1950. Na Mozart suna da K, daga kundin Köchel na 1862. Na Schubert suna da D, daga na Otto Erich Deutsch na 1951. Beethoven kuwa yawanci lambar Op., wato opus ko lambar aiki, ake amfani da ita, simfoni ta 5 ita ce Op. 67.

Ga amfaninsu. Babbar simfonin Schubert ta ƙarshe, wani faifan zai kira ta ta 9, wani ta 8, tsofaffi ma su ce ta 7. Amma D 944 ba ta canjawa. Haka simfoni ta 9 ta Dvořák, a da ana buga ta da lamba 5. In ka dogara da lambar bayan faifai kaɗai, aiki ɗaya zai zauna maka a wuri biyu. Ka sa lambar kundi a cikin sunan aikin, kuma rubutunta ya zama iri guda ko'ina.

Haka sunayen mutane. Tchaikovsky ana rubuta shi ta hanyoyi da yawa saboda daga rubutun Rasha aka juyo shi, faifan Jamus da na Faransa ba su rubuta shi iri ɗaya ba. Zaɓi ɗaya. Ka kuma cike gurbin jerin suna da sunan iyali a gaba, don Beethoven ya zauna a harafin B, ba L na Ludwig ba.

Shekarar ɗauka ma kada ka raina ta. Makaɗin piyano Glenn Gould ya ɗauki aikin Bach mai lamba BWV 988 a 1955, ya sake ɗauka a 1981, kuma na biyun ya fi na farko natsuwa nesa ba kusa ba. Makaɗi ɗaya, aiki ɗaya, shekarar ce kawai za ta raba maka su.

Autan Zaure:

Baba, batun shirun nan ba na tag ba ne, kuma tunda FLAC ne, da wuya ya zama laifin fayil. MP3 ne ke ƙara ɗan shiru a farko da ƙarshen fayil lokacin matsewa. Gwada wannan: kunna sassan biyu kai tsaye a kwamfuta da manhajar sauraro ta foobar2000. In sun zarce lafiya, to giɓin daga na'urar da ke karɓar kiɗan ne. A tsarin UPnP, wanda na'urorin gida ke amfani da shi wajen aika wa juna kiɗa, sai manhajar waya ta sanar da na'urar fayil na gaba tun kafin na yanzu ya ƙare, ita kuma ta ɗebo shi ta ajiye. Ba kowace na'ura ce ke yin haka ba, wasu sai fayil ya ƙare suke neman na gaba. Duba saitin manhajar wayarka, wasu kamar BubbleUPnP suna da wurin kunna zarcewa ba giɓi. In na'urar tana karɓar OpenHome, wani tsarin da aka gina a kan UPnP, ya fi, domin jerin kiɗan yana zama a cikinta ne, ko wayarka ta mutu ba zai tsaya ba. Simfoni ta 6 ta Beethoven ma ka gwada da ita, sassanta uku na ƙarshe a haɗe suke.

Dattijo:

Ni ina da ɗan saɓani da Malam Injiniya, ba a kan dokarsa ba, a kan yin komai da hannu. Mutum yana iya ƙarar da lokacinsa a gyaran tag har ya daina sauraron abin da ya tara dominsa. Manhajar MusicBrainz Picard kyauta ce, tana gane faifai ta cike mafi yawan guraben, kai kuma ka bi baya ka daidaita. Fara da faya-fayan da ka fi so, sauran su biyo a hankali. Sai dai kafin ka bar kowace manhaja ta rubuta a fayilolinka, ka kwafe tarin gaba ɗaya zuwa wani faifan ajiya dabam, ka cire shi ka adana. Faifai biyu da ke madubin juna a cikin NAS ba ajiya ba ce: abin da ka goge a ɗaya ya gogu a ɗayan nan take.

Abu na biyu, in kana amfani da ReplayGain, wato tsarin daidaita ƙarfin sauti, sa shi a kan ma'aunin faifai gaba ɗaya, ba na kowane fayil ba. Mai tsara kiɗa da gangan ya sa wani sashe ya yi ƙasa-ƙasa don na gaba ya zo da ƙarfi. In aka daidaita su duka, an kashe abin da ya nufa.

Baban Yara:

Allah ya saka da alheri. Auta, na gwada a kwamfuta, ya zarce ba giɓi, ke nan na'urar zan duba. Saura tambaya ɗaya, Malam: faifan da ke ɗauke da ayyuka biyu na mutum biyu, misali Mozart da Schubert, in raba shi ne ko in bar shi? Kuma in na gama gyara, wace manhaja ce ta fi fahimtar irin wannan tari?

Malam Injiniya:

Masu raba faifai suna da hujjarsu, amma ni ba na rabawa. Makaɗan sun haɗa ayyukan ne da niyya, ga hoton bango da takardar bayani duk na faifan ne. In Composer da Work sun cika daidai, za ka iske kowane aiki a ƙarƙashin mai shi ba tare da ka tsaga komai ba.

Manhaja kuwa, in ta UPnP kake kunnawa, fara da MinimServer. Mai sauraron kilasik aka yi la'akari da shi wajen gina ta: tana barin ka shiga ta mai tsara kiɗa, ka tace ta jagora ko ƙungiya, kuma tana da gurbin Group da ke ɗaure sassan aiki su zama abu guda, ka danna sau ɗaya su biyo juna. Lyrion Music Server ma, wadda a da ake kira Logitech Media Server, yanzu tana gane ayyuka da sassansu. Roon tana da nata rumbun bayanai, amma ta biyan kuɗi ce kuma tana son kwamfuta mai ɗan ƙarfi. Gyara faifai kamar biyar da dokar nan, ka sa su a folda dabam, ka nuna wa manhajar su kaɗai, ka ga yadda suka fito a waya kafin ka shiga sauran.