Ranar da "heavy" ta kasa fitar da ni: kowa ya kawo nasa labarin

Mai saro kaya daga Sin:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wani abu ne ya same ni, na ce bari in ji ko ni kaɗai ce. Shekara da shekaru, duk abin da ya ba ni wahalar ɗauka, da Turanci "heavy" nake ce masa, shi ke nan. To, na yi odar filo daga Guangzhou, kwali ɗaya kilo 9 kacal, yaro ma zai ɗaga shi sakayau. Da lissafin kuɗin jirgi ya zo, sai na ga an rubuta mini kilo 25. Na kira wakilin ina ta faɗa, ina nanata masa cewa kayana ba "heavy" ba ne. Ya ce ai bai musa ba, "bulky" ne. Ashe a kayan jirgin sama ana auna tsawo da faɗi da zurfin kwali da santimita, a ninka su, a raba da 6000. Nawa 60 ne da 50 da 50, wato 150,000, idan aka raba ya ba da 25. Wanda ya fi yawa tsakanin wannan da abin da sikeli ya nuna, shi ake biya. Kun ga kuɗin wurin da filo ya cinye na biya, ba na nauyinsa ba.

Ɗalibi a Ingila:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah Ya mayar da alheri. Ni katifa ce ta koya mini kalmar. Zan tashi daga gidan haya, ga tsohuwar katifa, kuma a nan ba a jefar da irin wannan a bakin titi, sai a ci ka tara. Na yi ta bincike a shafin ƙaramar hukuma da "heavy rubbish", ban ga komai ba. Sai maƙwabciyata ta ce in nemi "bulky waste". Nan take ya fito: katifa, kujerar falo, firji, duk abin da ba zai shiga kwandon shara ba. Ba ruwansu da kilo nawa ne, girman ne matsalarsu.

Mai aikin gini:
Ni a wurin aiki nake raba su. Buhun siminti kilo 50 ne, wannan "heavy" ne babu gardama, amma ɗan dako zai saɓa shi a ka ya hau bene abinsa. Rodi kuwa, mai milimita 12, sanda ɗaya tsawonsa mita 12, nauyinsa bai kai kilo 11 ba. Bismillah, ɗauka kai kaɗai ka shiga lungu da shi. Gaba na lilo, baya na jan ƙasa, ka juya ka kwashe mai tallan koko. Shi ya sa ake lanƙwasa shi biyu kafin a ɗora a mota. Injiniyanmu ne na fara ji ya ce masa "unwieldy", na zaci ma zagi ne.

Malamin Turanci:
Madalla da misalin rodi, maigida, gobe zan kai shi aji. "Unwieldy" daga "wield" ta fito, wato riƙe takobi ko sanda ka juya shi yadda kake so. Abin da ya ƙi juyuwa a hannunka saboda tsawo ko siffarsa shi ne "unwieldy". Har kwamiti ana ce masa haka idan mutane suka yi masa yawa ya gagari shugaba. Ɗalibaina a nan suke zamewa a tambayoyin WAEC na kalma mafi kusa da ma'ana, don duk "nauyi" suka haddace. Alhali mu ma ba kalma ɗaya muke da ita ba: muna cewa jibgege, zungurere, mai cin wuri.

Ma'aikaciyar ofis:
Malam, to "cumbersome" fa? Na taɓa rubuta takarda ina ƙorafin cewa kafin a fitar da kuɗin tafiya sai fayil ya bi tebur bakwai. Na rubuta "heavy procedure". Shugabana ya ja layi da jan biro ya rubuta "cumbersome" a sama, bai ce mini uffan ba. Kunya ta hana ni tambaya har yau.

Malamin Turanci:
Shugabanki ya yi daidai, Hajiya. "Cumbersome" shi ne abin da ke ɗaure ka ya hana ka sauri, kaya ne ko tsari. Ki tuna mutum da babbar riga mai sitaci yana ƙoƙarin hawa acaɓa. A kan kaya ita da "unwieldy" sukan shiga gonar juna, tsani zai karɓi kowacce. Amma fayil mai bin tebur bakwai, "cumbersome" ce ta fi zama a bakin Turawa.

Mai aikin gini:
Malam, a nan ban bi ka duka ba. Tsani idan ina tafe da shi a kafaɗa yana rage mini sauri, na yarda "cumbersome". Lokacin da nake kokawar jingina shi da bango yana neman kayar da ni, wannan "unwieldy" ne. Wanda ya ɗauka shi ya san bambancin.

Ɗalibi a Ingila:
Kun manta "hefty". Da na karanta gargaɗin zubar da katifa, "hefty fine" aka rubuta, tara mai tsoka ke nan. A jaridun gida kuma kullum sai ka ga "hefty men", ƙarti majiya ƙarfi. Kada dai ka ce wa mutum "heavy" a gabansa, ƙiba zai ji kana nufi. Na gwada a kan abokin karatuna, kwana biyu bai gaishe ni ba.

Mai saro kaya daga Sin:
Na gode ƙanena, na gode Malam. Ni dai odar da ke tafe na ce a zuƙe wa filon iska a matse shi a leda kafin a sa a kwali. Akwai wanda ya taɓa gwadawa? Ina tsoron kada ya iso Kano ya ƙi kumbura.