Neman shawara: da wace roba zan buga ragar da ƙashi zai tsiro a kai?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗalibi ne ni a nan Yamai, aikina na kammala karatu a kan ragar nan ne mai ƙananan ramuka da ake bugawa da injin 3D, ƙwayoyin halitta su kama ta su yi ƙashi, ita kuma ta narke a jiki a hankali. Zaren robar PLA da ake sa wa injin gare ni a hannu, amma an ce in nemi na PCL, dukansu robobi ne masu narkewa a jiki. Don Allah wanne ya fi?

Wata mai aikin labo: Wa alaikumus salam ƙanena. Ni PCL zan ce. Tana narkewa a zafin digiri 60 na Salshiyos, ba ta wahalar da inji, kuma tana kai shekara 2 zuwa 3 a jiki, ƙashi ya samu lokacin cika gurbin. PLA in ta fara ruɓewa tsami take saki, wanda kan kumbura naman da ke kewaye. Sai dai PCL santsi gare ta, ruwa ba ya kama ta, ƙwayoyin ma da ƙyar suke mannewa. Shi ya sa ake cuɗa ta da garin haidroksiyafatait, sinadarin da ƙashi kansa ya ƙunsa. Ramukan kuma kada faɗinsu ya gaza mikron 300, wato kusan sulusin milimita, don jijiyoyin jini su samu hanya.

Wani daga Tawa: Garin haidroksiyafatait ɗin nan ana fitar da shi daga ƙashin shanu, a wanke a ƙona a wuta mai zafin digiri 800 zuwa 900. Ƙashi kuwa ga shi nan a mahauta. Kuma kada ka bar zaren cikin mota a watan Afrilu, sai ka tarar ya yi laushi ya manne.

Wani likitan ƙashi: Duk na ji, amma yaro ka saurara. Zaren kasuwa akwai launi da gauraye a ciki, na koyon siffa ne kawai. Ko ɓera kada ka dasa wa sai da izinin kwamitin ɗa'a, da roba mai shaidar gwajin ISO 10993, ƙa'idar duniya ta tabbatar da kayan ba sa cutar da jiki. Ta yaya ma za ka kashe ƙwayoyin cuta? Tukunyar turirin asibiti digiri 121 take kaiwa, ragarka dunƙulewa za ta yi.

Mai tambaya: To Likita, me zan yi ke nan?

Mai aikin labo: A gwajin labo jiƙa ta a alkol mai kashi 70 cikin 100, ka ɗauraye da ruwan gishiri mai tsabta. Wadda za a dasa a jiki kuwa sai iskar etilin oksaid ko hasken gama. Fara turo mana hoton ramukan tukuna.