Neman shawara: garin glutamine ga yaro mai sikila

Maman Abba:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle. Ɗana shekararsa tara, SS ne. Tun bai yi shekara ba muka sani, lokacin da hannayensa da ƙafafunsa suka kumbura. Ni da babansa auren zumunci ne, a lokacin ba a matsa wa mutane gwajin jini kamar yanzu ba, amma har gobe gwaggonsa cewa take daga ɗakinmu ciwon ya fito, alhali sai uwa da uba sun haɗu ake samunsa. Damina da hunturu su ne tashin hankalina. Bana sai da aka kwantar da mu har da ƙarin jini, ya rasa jarabawa, ni kuma ɗinkin sallah da na karɓa na mayar wa mutane kayansu.

To ƙanena mai ɗaga ƙarfe ya kawo min wani farin gari a roba, L-glutamine, ya ce amino acid ne, wato irin sinadaran da jiki ke haɗa furotin da su, kuma a Amurka ana ba masu sikila. Na fara zuba masa cokali ɗaya a kunu da safe, ina ga kamar ya fi kuzari. Da gaske yana rage ciwon? In ƙara yawansa?

Ummu Hanifa:
Allah ya ba shi lafiya 'yar uwa. Maganar gwaggon nan ta taɓa ni. Ni uwar mijina ko duba mu ba ta zuwa asibiti, wai na cika gida da marasa lafiya. Sai wanda yake ciki ya sani.

Baban Khalil:
Hajiya ki saurare ni, aikina harhaɗa magunguna ne. Ƙanenki bai yi ƙarya ba, rabin zancen ya kawo miki. A 2017 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da L-glutamine, da sunan Endari, ga masu sikila daga shekara 5. Yana taimaka wa jajayen ƙwayoyin jini su jure lalacewa. An gwada shi a kan mutum 230 na tsawon mako 48: a tsakaice, masu shan sa ciwo ya tashi musu sau 3, waɗanda ba su sha ba sau 4. Ragi ne, ba warkewa ba. Kuma kusan biyu cikin uku na mutanen suna shan hydroxyurea, wani maganin da ake ba masu sikila, a lokacin. Hukumar magunguna ta Turai ma ba ta gamsu da hujjar ba a 2019. Sannan wancan magani ne tatacce da ake aunawa da nauyin yaro, sau biyu a rana, ba garin 'yan ɗaga ƙarfe ba. Robar taki akwai lambar NAFDAC? Yana shan hydroxyurea?

Anti Laure:
Ni ban ga abin wahala ba. Amino acid ɗin nan shi ne a ƙwai, wake, awara, kifi da nono. Glutamine ma jiki da kansa yake haɗa shi. Ki ba shi abinci mai kyau da ruwa da yawa, ki sa masa gidan sauro, ki bar kashe kuɗi.

Baban Khalil:
Anti, abinci ba ya kai adadin da aka gwada, kada a haɗa zancen biyu. Hajiya ba ki amsa min ba.

Maman Abba:
Malam, rubutun jikin robar ban gane masa ba, ƙanena a intanet ya saya, kuma ba zai kawo wa ɗana abin cutarwa ba. Folic acid da Paludrine, na rigakafin zazzaɓin cizon sauro, ba ma fashi. Hydroxyurea mun sha muka tsaya. Ga tsada, ga gwajin jini a kai a kai, kuma na ji an ce maganin ciwon daji ne yana hana haihuwa. Ni ce nake kwana da yaron nan, ba sakaci na yi ba.

Baban Khalil:
To nan matsalar take. Kin ajiye wanda aka fi tabbatarwa kin kama wanda ba ki san abin da ke cikinsa ba. Gaskiya ne ana ba masu ciwon daji hydroxyurea, amma ga sikila yana ƙara irin jinin da jariri ke zuwa da shi, wanda ba ya lanƙwashewa. A Kano ma an yi bincike a kansa wajen kare yara daga shanyewar ɓarin jiki. Maganar haihuwa ki yi ta da likitansa. Sikila na taɓa ƙoda da hanta, ba a ɗura wa yaro irin wannan garin ba a duba su ba. Ki dakatar, ki kai robar asibiti ranar ganin likita.

Maman 'yan biyu:
Ni ɗan yayata yana shan garin kuma lafiya lau. Likitocin nan ka zauna tun asuba, minti biyu su sallame ka, wa zai tsaya duba roba? Ki ci gaba, ki haɗa da zogale.

Ummu Hanifa:
Wallahi layin kati kaɗai ya ishi mutum.

Maman Abba:
Na gode duka. Ba zan ƙara yawansa ba, amma tsayarwa zai yi min wuya tunda ina ganin canji. Ganin likitanmu sai wata mai zuwa, kuma babansa bai san na fara ba shi ba.

Baban Khalil:
Wata mai zuwa ya yi nisa, Hajiya. Turo hoton bayan robar in gani.

Anti Laure:
Nawa ƙanen naki ya sayo shi?